Abubakar Imam: Mai Aro, Mai Ƙaga

An haifi Alhaji Abubakar Imam a Kagara, cikin ƙasar Kwantagora, a 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, yana kuma koyarwa a Midil ta Katsina sa'ad da Rupert East ya shirya gasar rubuta littattafan Hausa a 1933. Daga gasar nan Ruwan Bagaja ya fito. A 1936 East ya kira shi Zariya, ya tara masa littattafan hikayoyin Larabawa da na Indiya da na Turai, shi kuwa ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku.

A nan wasu manazarta kan tsaya su ce aro ne kawai. Ba ƙarya suka yi ba: akwai sawun Dare Dubu da Ɗaya, akwai na ƴan'uwan Grimm, shi kansa akun da ke ba da labari daga hikayoyin Indiya ya taso. Amma ni a ganina ba su bi sawun har ƙarshe ba. Imam ya ɗauki ƙashin labari ne, ya tufatar da shi da fada da fadawa, da kirari, da karin magana, da ba'ar ƴan kasuwa, har Bakatsine ko Bamarade ya karanta bai ji baƙon komai ba. Mu ɗaliban harshe, wannan ne wurin aikinmu, domin ƙagawar tasa a cikin jimla take.

Abin da ya fi jan hankalina kuwa shi ne abin da ke tayar da jarumansa. Alhaji na Ruwan Bagaja bai fita neman dukiya ba. Malamin da ya riƙe shi kamar ɗa aka wulakanta a fada, sai ya shiga duniya don ya wanke shi. Aku ma, dare bayan dare yana tsare Musa da labari don kada ya faɗa tarkon waziri maci amana, ba tare da an yi masa alkawarin lada ba. Da Sarki Abdurrahman ya dawo daga yaƙi ya gane, sai ya naɗa tsuntsu waziri.

A 1939 Imam ya zama editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. A 1943 ya je Ingila tare da ƴan jaridar Afirka ta Yamma, tafiyar da ta haifi Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya rasu a Zariya a 1981.