Miklos Horthy: Hafsan sojin ruwan da ya mulki ƙasar da ba ta da teku

Shekara 24 Miklos Horthy ya yi yana mulkin Hangari a matsayin muƙaddashin sarki, alhali ƙasar ba ta da sarki. Bai kuma daina sanya kakin sojin ruwa ba, duk da cewa ƙasar ta rasa gaɓar tekunta.

An haife shi ranar 18 ga Yunin 1868 a garin Kenderes. Yana ɗan shekara 14 ya shiga makarantar sojin ruwa ta daular Ostiriya da Hangari, daga baya ya zama dogarin Sarki Franz Joseph.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya fito da sunansa. A watan Mayun 1917 ya jagoranci farmaki a mashigin tekun Otranto, inda ya ji rauni. A 1918 aka naɗa shi kwamandan rundunar ruwa baki ɗaya, amma kafin shekarar ta ƙare daular ta wargaje.

Daga nan ya faɗa siyasa. Bayan faɗuwar gwamnatin 'yan gurguzu a 1919, ya shiga birnin Budapest a kan farin doki yana gaban dakarunsa. Ranar 1 ga Maris ɗin 1920 majalisa ta damƙa masa riƙon ƙasa. Sau biyu tsohon Sarki Karl ya yi yunƙurin komawa gadonsa a 1921, Horthy ya hana.

Yarjejeniyar Trianon ta 1920 ta raba Hangari da kusan kashi biyu bisa uku na faɗin ƙasarta. Burin ƙwato yankunan ne ya kai Horthy ga ƙawance da Hitler, kuma ya samu wasunsu a 1938 da 1940. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 1941 Hangari ta bi Jamus wajen yaƙar Tarayyar Sobiyet, ta kuma yi mummunar asarar sojoji a bakin kogin Don a 1943.

A Maris ɗin 1944 Jamus ta mamaye ƙasar, Horthy kuma ya ci gaba da zama a kujerarsa. Daga Mayu zuwa Yuli aka kwashe Yahudawa sama da 430,000 da taimakon jami'an Hangari, akasarinsu zuwa sansanin kisa na Auschwitz. Sai a Yuli ya ba da umarnin dakatarwa, bayan matsin lamba daga ƙasashen waje.

A Oktoba ya sanar da tsagaita wuta da Sobiyet. Jamusawa suka sace ɗansa, suka tilasta masa sauka. Bayan yaƙin ba a gurfanar da shi ba. Ya rasu a gudun hijira a Fotugal a 1957, aka mayar da gawarsa Kenderes a 1993.

Har yau 'yan Hangari na muhawara a kansa. Magoya bayansa na cewa shi ya ceci Yahudawan Budapest. Masu sukarsa kuwa na tambayar me ya hana shi ba da wannan umarni tun a watan Mayu.