Charles Burchfield

Charles Ephraim Burchfield (9 ga Afrilu, 1893 – 10 ga Janairu, 1967) mai zane ne ɗan ƙasar Amurka da ya shahara da zanen fentin ruwa. Yawancin abin da ya zana bai wuce unguwannin da ya zauna ba: gidajen katako, lunguna, layin dogo, itatuwa da sauyin yanayi.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a Ashtabula Harbor da ke jihar Ohio. Mahaifinsa ya mutu tun yana ƙarami, sai mahaifiyarsa ta koma da 'ya'yanta garin Salem, inda ya tashi. Ya yi karatun zane a birnin Cleveland daga 1912 zuwa 1916, sannan ya dawo Salem ya kama aikin lissafi a wani kamfani. Duk lokacin da ya samu sarari yakan fita ya zana titunan garin da dazuzzukan da ke kewaye. Shi da kansa ya ɗauki 1917 a matsayin shekarar da ta fi masa albarka.

Aiki

A 1921 ya koma Buffalo a jihar New York, yana tsara adon takardun bango a kamfanin M. H. Birge & Sons. Ya auri Bertha Kenreich a 1922, suka haifi 'ya'ya biyar, kuma daga 1925 suka zauna a Gardenville. A 1929 ya ajiye aikin albashi domin ya dogara da zane kaɗai, bayan dillalin zane Frank Rehn ya fara sayar masa da ayyukansa. Ga nauyin iyali, ga shi kuma a shekarar ce tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Duk da haka, a 1930 gidan adana zane na MoMA ya baje kolin zane-zanensa na farko, sunansa ya ƙara fitowa.

Salon zane

Burchfield yakan yi amfani da buroshi mai ƙarancin ruwa, yana ɗora launi kan launi har zanen ya yi kauri kamar na fentin mai. Ya fi sha'awar ƙarshen hunturu, lokacin da ƙanƙara ke narkewa, itatuwa ke toho. Yakan kuma nuna kukan ƙwari da kaɗawar iska da layuka masu karkarwa. A 1943 ya fara komawa kan tsofaffin zanensa, yana liƙa musu ƙarin takarda a gefe domin ya faɗaɗa su. The Coming of Spring, wanda ya soma a 1917 ya kammala a 1943, yana gidan tarihi na Metropolitan a New York.

Mutuwa

Ya mutu da ciwon zuciya a West Seneca yana da shekara 73, wata guda bayan buɗe cibiyar zane mai sunansa a Buffalo, wadda yanzu ake kira Burchfield Penney Art Center.