Labarin Liyonado na Binci, da Shaidar da Magatakarda Suka Bari a Kansa

Cikin shekara ta 2003 wani Ba'amurke, ana ce da shi Dan Brown, ya wallafa wani ƙagaggen labari mai suna The Da Vinci Code. Labarin ya soma da kisan kai cikin babban gidan ajiyar hotuna na birnin Faris, daga nan aka shiga bin sawu, ana warware kacici-kacici ɗaya bayan ɗaya. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, an sayar da fiye da miliyan 80, an kuma juya shi cikin harsuna fiye da 40. To, da ya ke mai littafin ya cuɗanya tarihi da addini da abin da ya ƙaga da kansa, mutane da yawa sun gama karatu ba su san inda gaskiya ta tsaya ba. Wanda aka jingina wa asirin cikin littafin kuwa mutum ne na ainihi, wanda ya rasu yau fiye da shekara 500. Ga labarinsa, yadda takardun zamaninsa suka nuna.

An haifi Liyonado ran 15 ga Afrilu 1452 a Binci, wani ɗan gari kusa da birnin Fulorans, cikin ƙasar Italiya. Da Binci ɗin nan da a ke ji, ma'anarsa na Binci, kamar dai yadda a kan laƙaba wa mutum sunan garinsu. Ubansa Piyero magatakardan shari'a ne, mai rubuta wa mutane takardun ciniki da na wasiyya, sana'ar gidansu ke nan tun kaka da kakanni. Sunan uwarsa Katarina, ba a kuwa ɗaura musu aure ba. Kakansa Antoniyo shi ya rubuta haihuwar a ƙarshen wani tsohon littafin aiki na gidan, ya sa rana, watau Asabar, ya sa sa'a, ya kuma jera sunayen shaidu 10. Cikin 1457 aka sake ganin sunan yaron a takardar harajin kakan, yana ɗan shekara 5.

Saboda yadda aka haife shi, ƙungiyar alƙalai da magatakarda ba ta karɓar irinsa, don haka bai gaji ubansa ba. Da ya kai wajen shekara 14 sai aka kai shi koyon sana'a wurin Barokiyo, wani gwanin zanen hoto da sassaƙa da zubin tagulla a Fulorans. Cikin 1472 aka sa sunansa cikin littafin ƙungiyar masu zane.

Wajen 1482 ya tashi zuwa Milan. Ya rubuta wa mai mulkin birnin, Ludobiko Siforza, takardar neman aiki, ya lissafa abubuwa 10 da ya iya, galibinsu na yaƙi, kamar su gadoji da igwa da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa. Sai can a ƙarshe ya ambaci zanen hoto. Ya yi kamar shekara 17 a can. Aka sa shi ya ƙera dokin tagulla mai tsawon ƙafa 24, ya gama samfurinsa da yumɓu, amma cikin 1494 aka kwashe tagullar aka yi igwa da ita. Da Faransawa suka ci Milan cikin 1499, sai maharbansu suka mai da dokin yumɓun abin gwada saiti.

Babban aibinsa shi ne nawa, hotunan da masana suka yarda nasa ne ba su kai 20 ba. Cikin 1483 ya yi yarjejeniya da wata ƙungiyar addini a kan wani hoto, aka sami saɓani kan kuɗi, maganar ba ta mutu ba sai 1508, shekara 25 ke nan. A Milan kuma, daga 1495 zuwa 1498, ya zana a bangon ɗakin cin abincin waɗansu ruhubanawa hoton jibin ƙarshe da Kiristoci ke cewa Annabi Isa, Alaihissalam, ya ci da almajiransa 12. Mai ƙagaggen labarin ya ce wai wanda ke zaune daga dama mace ce, Maryamu Magadaliya, har ya gina zancen aure da zuriya a kan wannan. Amma al'adar masu zane na lokacin ce su yi Yohana saurayi ba gemu. In kuwa aka ce ita ce, almajirai sun koma 11 ke nan.

Shi bahago ne, ya kan yi rubutu daga dama zuwa hagun da baƙaƙe a juye, amma kowa ya kara madubi ya karanta. Shafukansa fiye da 7,000 sun wanzu. Cikinsu akwai binciken tafiyar ruwa, da tashin tsuntsaye, da halittar jikin ɗan Adam, har da lissafin cefane da na bashi. Masana sun bi su shafi shafi, babu maganar wata ƙungiyar asiri a ciki.

Wajen 1502 ya aika wa Sarkin Musulmi na Santambul, Bayazidu na II, takarda, ya ce zai iya yi masa gada. Ba a yi gadar ba. Amma wani malamin fada ya juya takardar cikin Turkanci ya ajiye, aka same ta cikin 1952.

Hotonsa da ya fi suna shi ne Mona Lisa. An daɗe ana gardamar ko wace ce, mai ƙagaggen labarin ma ya ce wai fuskar Liyonado ce da kansa, sunan kuma na gumakan Masar ne aka juya. Ashe tun watan Oktoba 1503 wani akawun gwamnatin Fulorans, Agostino Baspuci, ya rubuta a gefen wani littafi cewa Liyonado yana cikin zana Lisa dal Jokondo, matar wani attajirin alharini. An gano rubutun nan a Jami'ar Haidalbag ta Jamus cikin 2005.

Ubansa ya rasu cikin 1504, aka raba gado ba a ba shi kome ba. Baffansa Faranchesko ya yi masa wasiyya da abin da ya mallaka, 'yan'ubansa suka ƙi yarda, shari'a ta tsare shi a Fulorans wata da watanni cikin 1507 zuwa 1508. Ya tafi Rum cikin 1513. Cikin 1516 Sarkin Faransa, Faransuwa na I, ya kira shi, ya ba shi gida kusa da fadarsa ta Ambuwaz. Ran 23 ga Afrilu 1519 ya yi wasiyya gaban magatakarda da shaidu. Ya ce a binne shi bisa addininsa na Kirista, matalauta 60 su raka gawarsa da fitilu a biya su, takardunsa a ba almajirinsa Malzi. Kuɗin da ya ajiye a Fulorans kuwa ya bar wa 'yan'uban nan da suka yi shari'a da shi. Ya rasu ran 2 ga Mayu 1519, yana da shekara 67.

Saura maganar ƙungiyar asirin, wadda a ke kira ta Sihiyona. A shafin farko mai littafin ya ce gaskiya ce, an kafa ta cikin 1099, Liyonado kuma yana cikin mambobinta. Rajistar hukumar Faransa kuwa ta nuna cikin 1956 wani Piyar Palantar da abokansa suka kafa ta. Daga baya suka shirya takardun jabu masu jerin shugabanni, suka kai su babban ɗakin karatu na Faris aka ajiye. Cikin 1993 wani alƙali ya sa aka bincike gidan Palantar, ya amsa da bakinsa cewa ƙage ne. Shekara 10 ke nan kafin littafin ya fito.

To, ku masu riƙe da alƙalami, ku dubi wannan. Ba laifi mutum ya karanta ƙagaggen labari don nishaɗi, in dai ya san matsayinsa. Amma da aka zo tantance gaskiya, wurin malamin haraji da magatakardan shari'a da akawu aka koma, mutanen da ba su san za a neme su ba. Takardar jabu ma ajiye ta aka yi a ɗakin hukuma, ta ruɗi mutane shekara da shekaru. Saboda haka duk abin da za ku shigar cikin littafi, ku bincika tukuna, ku sa rana daidai, ku sa sunan shaidu. Allah ya sa mu dace, amin.