Marigayi Malam Aminu Kano da Ƙungiyar Malaman Arewa

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙali. Bayan ya gama Kwalejin Kaduna a 1942, sai ya kama aikin koyarwa a Midil ta Bauci. A 1946 aka tura shi Jami'ar Landan ƙarin ilimi, inda ya ga yadda ma'aikatan Ingila ke haɗa kai su ƙwaci haƙƙinsu.

Tun yana can shi da abokansa suka ƙulla shawarar kafa Ƙungiyar Malaman Arewa, wadda ta tsaya da ƙafafunta a 1948, shi ne kuma babban sakatarenta na farko. A wancan zamani malamin En'e ba shi da bakin magana kan albashi ko canjin wurin aiki. Babu dokar da ta tilasta wa kowa shiga ƙungiyar, babu mai yankar kuɗinta daga albashi. Sai da lallashi da wasiƙu da tarurruka Malam ya jawo hankalin malamai. Yana riƙe da wannan aiki aka mayar da shi makarantar horon malamai ta Maru, cikin Lardin Sakkwato na lokacin, wanda Wurno da Rabah da Goronyo ke ciki. A 1950 ya ajiye aiki ya rungumi siyasa, ya shugabanci NEPU, daga baya kuma PRP.

Yana raye gwamnatin soja ta yi dokar 1978, wadda ta harhaɗa ƙungiyoyin ƙwadago zuwa 42, ta sa a riƙa cire kuɗin ƙungiya daga albashin ƙananan ma'aikata kai tsaye. Masu goyon baya suka ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, tunda ƙarin albashi kowa yake samu. Masu suka suka ce kuɗin da ke shigowa ba wahala kan sa shugabanni su manta da mabiya. Irin wannan gardama ce ta raba jihohin Amurka tun dokar Taft-Hartley ta 1947. A Nijeriya, gyaran dokar 2005 ya ce shiga ƙungiya ganin dama ne.

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Ya nuna mana cewa ƙungiyar da aka shiga bisa yarda ita ke tilasta wa shugabanninta sauraron 'ya'yanta. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.