John Snow, likitan da ya bi sawun kwalara har bakin rijiya

Kai da ke shan ruwan rijiya a Morai ko Bakura, ya kamata ka san John Snow, ɗan lebura da aka haifa a York ta Ingila a 1813. A 1854 amai da gudawa ya ɓarke a Soho, unguwar talakawan Landan, inda iyali guda ke cunkushe a ɗaki ɗaya. Cikin kwana goma mutum fiye da 500 suka mutu. Likitoci suka ɗora laifin kan wari. Shi kuwa Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗebo ruwa, har amsa ta kai shi famfon titin Broad, ya sa aka cire hannunsa. Ashe masai ne ke yoyo dab da rijiyar. Ya rasu a 1858, yawancin likitoci ba su yarda da shi ba tukuna.