CHARLES BROWN: ƊAN MAHAUCIN DA YA BI JIRAGEN YAƘI DA KYAMARA

Jama'a, yau za mu kawo muku tarihin wani Bature mutumin Ingila, Charles E. Brown, wanda ya yi suna wajen ɗaukar hoton jiragen yaƙi suna cikin tafiya a sararin sama.

An haife shi a shekarar 1896 a unguwar Wimbledon ta birnin Landan. Mahaifinsa mahauci ne. Tun yana yaro aka ba shi kyautar 'yar kyamara. A 1911 sai ga wani mutum cikin ƙaton balan-balan mai ɗaukar mutane yana fama da sauka kusa da unguwarsu. Yaro ya ɗauki hoton, jaridar Daily Mirror ta buga. Da ya bar makaranta, jaridar ta ɗauke shi aiki. A nan ya ƙware, har 1921 lokacin da ya fita ya kama cin gashin kansa.

Arzikinsa ya faro ne daga ƙasa. A 1924 ya ɗauki hoton wani ɗan ƙaramin yaro yana magana da direban jirgin ƙasa a tashar Waterloo. Kamfanin jirgin ya yi shekaru yana talla da hoton nan. Abin da Brown ya samu ya ba shi sukunin komawa ga abin da ransa ke so, wato jiragen sama.

Aikin kuwa ba na rago ba ne. Mai hoto yakan shiga wani jirgi dabam, matuƙa biyu su tashi kafaɗa da kafaɗa, ga sanyi, ga iska, ga girgiza. Kuskure kaɗan, sai a yi karo. Kuma Brown ya daɗe yana aiki da tsohuwar kyamara ta Zeiss mai faifan gilashi, wadda kowane hoto sai an sake faifai. Saboda haka ba ya harbin iska. Sai ya jira rana ta haske jirgin, gajimare ya tsaya a bayansa, sannan ya danna.

A Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗauki hotunan jirage irin su Spitfire, waɗansu ma masu launi, abin da ke da wuyar samu a lokacin. Bayan yaƙi aka shiga zamanin jet, irin su Meteor da Vampire da Hunter, masu gudun da ya ninka wahalar aikin. Zamanin ne na gwanintar matuƙa: a 1958 ƙungiyar Black Arrows ta yi alkafura da jirage 22 a jere a bikin Farnborough. Brown bai ja da baya ba, ya ci gaba da hawa sama duk da furfura, har ya yi ritaya a 1965, shekarar da ƙungiyar Red Arrows ta fara wasa.

Ya rasu a 1982 yana da shekara 86. Hotunansa kimanin 30,000 suna ajiye a gidan tarihin mayaƙan saman Ingila da ke Hendon. Yawancin jiragen da ya ɗauka an farfasa su tuntuni, hoton ne kaɗai ya rage.

To 'yan'uwa da ke neman abinci nesa da gida, kada wani ya raina sana'ar da ke hannunsa. Da yayyafi kogi kan cika.