Taƙaitaccen Tarihin Likita Carlos Chagas (1879–1934)

Gabatarwa

Mutanen Samaru Kataf da kewayen Kafanchan sun san ƙudan tsando da ɓarnarsa: ciwon barci ga mutane, sammore ga shanu. Ƙwayar da ke haddasa waɗannan cututtuka tana da 'yar'uwa a Kudancin Amurka, amma ita wani ƙwaro ne dangin kuɗin cizo yake yaɗa ta. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan masanin da ya gano ta.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Carlos Chagas ranar 9 ga Yuli, 1879, a Oliveira ta jihar Minas Gerais, ƙasar Burazil. Ya taso maraya, domin yana ɗan shekara 4 mahaifinsa ya rasu. Ya karanta ilimin likitanci a Rio de Janeiro, inda ya mayar da hankali ga zazzaɓin cizon sauro a ƙarƙashin malaminsa, Oswaldo Cruz.

Gano Cutar

A 1907 aka tura shi ƙauyen Lassance ya yi wa leburorin jirgin ƙasa maganin zazzaɓi. Taragon jirgi ne ɗakin bincikensa. A can ya ji labarin wani ƙwaro da ake yi wa laƙabi da wanzami, saboda a fuska yake shan jini. Da rana yakan ɓuya a tsagar bangon laka da jinka, da dare ya fito. In ya ƙoshi sai ya yi kashi kusa da cizon. Mai barci ya sosa, ƙwayar ta shige.

Chagas ya fara ganin ƙwayar a hanjin ƙwaron, ya raɗa mata suna Trypanosoma cruzi don girmama malaminsa. Ranar 14 ga Afrilu, 1909, ya same ta a jinin wata yarinya 'yar shekara 2. Ke nan mutum ɗaya ya gano ƙwayar, da mai ɗaukar ta, da kuma ciwon, wanda kan yi lamo shekaru da dama kafin ya lalata zuciya.

Gwagwarmayarsa

Ya gaji Cruz a shugabancin cibiyarsu a 1917. Sai dai ya sha suka daga wasu manyan likitoci, waɗanda suka musanta yawan cutar, suna ganin ya zubar da mutuncin ƙasa da ya tona halin talakan ƙauye. Ya rasu ranar 8 ga Nuwamba, 1934.

Bayan Rasuwarsa

Lokaci ya gaskata shi. Feshin gidaje ya sa a 2006 aka tabbatar Burazil ta katse yaɗuwar cutar ta hanyar Triatoma infestans, babban nau'in da ke zama cikin ɗaki. A 2015 masana suka fitar da jerin ƙwayoyin gado na wani nau'in, Rhodnius prolixus. Nazarin gado yana taimakawa a gane ko ƙwarin da suka sake ɓulla bayan feshi ragowar na gida ne ko baƙi daga daji. Ya kuma nuna sauyin halittar da ya sa wasu a Ajantina da Bolibiya suka daina jin magani.

Kammalawa

Fiye da mutum miliyan 6 ke ɗauke da cutar a duniya, kuma tun 2020 ake tunawa da ita kowace 14 ga Afrilu. Darasin Chagas shi ne, lafiyar talaka daga ɗakin kwanansa take farawa. Sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga. Haka ma wanzamin dare.